Yadda Ake Karanta î, ĵ da k̂ a Fiziks, da Yadda Ake Aiki da Su

Da yawa daga cikin masu fara karatun fiziks kan tafi lafiya lau har ranar da suka ci karo da rubutu irin wannan: F = 5î + 12ĵ. Daga nan sai jiki ya yi sanyi. Ga haruffa da hula a ka, ga alamar tarawa a tsakaninsu, amma malami ya ce kada a kuskura a tara 5 da 12 a ce 17. Sai ɗalibi ya rasa ta inda zai kama. Alhali abin bai kai yadda ake tsoronsa ba. Wannan rubutu dabara ce ta ajiye lissafin kowace alkibla a mazauninsa, don kada na dama ya cakuɗu da na sama. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe mafi yawan darasin, sauran kuwa aikin hannu ne. Saboda haka ka nemi fensir da takarda da kalkuleta, ka riƙa yin kowane lissafi da kanka kafin ka duba amsar da na rubuta.

Mataki na farko: ka san abin da ke buƙatar alkibla

Akwai abubuwan da lamba ɗaya ta ishe su: lokaci daƙiƙa 12, zafin ruwa digiri 60, mas kilogiram 5. Waɗannan su ake kira sikela. Akwai kuma waɗanda lamba kaɗai ba ta gama bayaninsu ba. In aka ce maka an tura akwati da ƙarfin niyuton 40, tilas ka tambaya ta wace fuska, domin turawa gaba da dannawa ƙasa ba abu ɗaya suke haifarwa ba. Duk abin da ke da girma kuma yake da alkibla shi ne bekta. Ƙarfi bekta ne, haka belositi, wato gudu tare da inda aka nufa, haka akselareshan, wato yadda belositi ke canjawa a kowace daƙiƙa.

A littafi akan buga bekta da harafi mai kauri, a rubutun hannu kuma a ɗora masa 'yar kibiya a ka. Girmansa shi kaɗai, ba alkibla, ana sa shi tsakanin sanduna biyu, kamar haka: |F|.

Mataki na biyu: zana layukan x da y kafin komai

Ja layi a kwance, ka sa masa kan kibiya ta dama, ka kira shi x. Ja wani a tsaye, kan kibiyarsa na duban sama, ka kira shi y. In tambayar tana da fuska ta uku, layin z yana fitowa ne daga cikin takardar zuwa fuskarka. Kada ka tsallake wannan zane ko da kana ganin tambayar mai sauƙi ce, don î da ĵ ba su da wata ma'ana sai an san inda x da y suka dosa.

Mataki na uku: abin da hular take nufi

î bekta ne mai tsawo ɗaya cif, wanda ya nufi inda x ke ƙaruwa. ĵ haka yake amma ta wajen y, k̂ kuma ta wajen z. Duk bektan da tsawonsa ɗaya ne ana ce masa yunit bekta, kuma hular da ke kansa ita ce shaidarsa. Ana karanta su "i mai hula", "j mai hula", "k mai hula".

Aikinsu ɗaya ne rak: nuni. Kamar mutum ne ya miƙa yatsa ya nuna maka hanya. Yatsan ya gaya maka wajen da za ka nufa, amma bai gaya maka nisan ba. Nisan yana cikin lambar da ke gaban harafin. Idan ka ga 5î, ma'anarsa biyar ta wajen dama. Idan ka ga −12ĵ, sha biyu ne ta wajen ƙasa, domin alamar debewa tana juya alkibla ta koma kishiyarta.

Me ya sa sai tsawonsa ya zama ɗaya? Saboda duk lambar da aka ninka sau ɗaya tana nan yadda take. Da tsawon î biyu ne, da 5î ya zama goma, lissafi ya rikice. Ɗaya kuwa yana ba lamba alkibla ba tare da ya taɓa girmanta ba.

Ga wani abu da ake yawan wucewa ta kansa: yunit bekta ba shi da ma'auni. Tsawon î ba mita ɗaya ba ne, ba niyuton ɗaya ba ne, ɗaya ne kawai. Ma'aunin na lambar ne. Shi ya sa î ɗin nan guda yake aiki a ƙarfi, (5î + 12ĵ) N, ya kuma yi aiki a belositi, (15î + 20ĵ) m/s. Ka saba da sa baka biyu ka rubuta ma'aunin a waje, don ya shafi lambobin duka. Lambobin nan da ke gaban haruffan su ne kason bektan: 5 kason x ne, 12 kason y ne.

Wasu littattafan sukan rubuta x̂, ŷ, ẑ a maimakon î, ĵ, k̂, wasu kuma su jera lambobin kawai, (5, 12). Duk abu ɗaya ne.

To, me ya hana a tara 5 da 12? Ɗauki mutum ya yi tafiyar mita 3 gabas, ya juya ya yi mita 4 arewa. In gabas ce x, arewa kuma y, gusawarsa ita ce (3î + 4ĵ) m. Ƙafarsa ta taka mita 7, gaskiya ne, amma in ka miƙa igiya daga inda ya tashi zuwa inda ya tsaya, mita 5 za ka auna. Alamar tarawa a tsakanin 3î da 4ĵ cewa take "yi wannan, sannan ka ɗora wancan a kai". Ba cewa take ka haɗe lambobin ba. Don haka 3î + 4ĵ amsa ce gamammiya, ba ta jiran a ƙarasa ta.

Mataki na huɗu: fitar da girma da kusurwa

Tunda x da y sun haɗu a kusurwar digiri 90, kason biyu da bektan kansa sun yi alwatika, bektan ne dogon gefenta. Ƙa'idar Pythagoras ce za ta ba ka tsawonsa: ninka kowane kaso da kansa, ka tara, ka ɗauki sukwaya rut.

|F| = √(5² + 12²) = √(25 + 144) = √169 = 13 N

In akwai k̂, sai ka ƙara nasa kason cikin tarin, shi ke nan. Girma ba ya taɓa fitowa da alamar debewa. Idan kason −5 ne, (−5)² 25 ne. Ka sa baka biyu yayin dannawa a kalkuleta, in ba haka ba za ta ba ka −25.

Kusurwa kuwa ana samun ta da tan⁻¹ na kason y a raba da kason x. A nan tan⁻¹(12/5) = 67.4°, daga layin x ana juyawa sama.

Nan ne ya kamata a dakata, domin nan ake asarar maki ba gaira ba dalili. Gwada B = −5î − 12ĵ. Ka raba −12 da −5, ka sami 2.4, kalkuleta ta sake ba ka 67.4°. Amma zana shi ka gani: hagu ya nufa, kuma ƙasa. Ba yadda za a yi ya zama daidai da F da ke duban dama da sama. Abin da ya faru shi ne alamomin debewa biyu sun cinye juna wajen rabawa, kalkuleta ba ta ma san da su ba. Maɓallin tan⁻¹ ba ya ba da amsa sai tsakanin −90° da 90°, wato rabin dama na takardarka kaɗai yake gani. Maganin abin: duk lokacin da kason x yake da alamar debewa, ƙara 180° a kan abin da kalkuleta ta bayar. Kusurwar B ta zama 247.4°. Haka C = −3î + 4ĵ, kalkuleta za ta ce −53.1°, ka ƙara 180° ka sami 126.9°, wanda ya dace da bektan da ke duban hagu da sama. Ni dai shawarata ita ce kada ka dogara da haddar wannan ƙa'ida. Yi ɗan zane a gefen takarda kafin ka taɓa kalkuleta. Idonka zai kama kuskuren nan take.

Mataki na biyar: daga girma da kusurwa zuwa î da ĵ

Yawancin tambayoyi ta wannan fuska suke zuwa. A ce an ja igiya da ƙarfin 40 N, igiyar ta ɗaga 30° sama da kwance. Kason x shi ne 40 cos 30° = 34.6, kason y kuma 40 sin 30° = 20. Sai ka rubuta T = (34.6î + 20ĵ) N.

Ɗalibai kan haddace cewa x na cos ne, y na sin ne. Wannan gaskiya ne kawai in daga layin x aka auna kusurwar. Da tambayar ta ce igiyar ta karkata 30° daga tsaye, da al'amarin ya juye: (20î + 34.6ĵ) N. Abin da ba ya canjawa shi ne wannan: layin da kusurwar ta jingina da shi, shi ke ɗaukar cos, ɗayan kuma ya ɗauki sin. Ka duba zanenka, ka ga wane layi ne ya zama ɗaya daga cikin gefuna biyu na kusurwar. Sannan ka sa alamar tarawa ko ta debewa bisa ga inda kibiyar ta dosa.

Akwai gwajin hankali mai sauri. Igiyar da ta ɗaga 30° kawai ta fi kusa da kwance, don haka kason x ya kamata ya fi girma. 34.6 ya fi 20, lissafi ya yi daidai. Kuma ba wani kaso da zai wuce girman bektan kansa. In ka sami 46 daga ƙarfin 40, rabawa ka yi a inda ya kamata ka ninka.

Ka kuma leƙa saman fuskar kalkuletarka. In ka danna sin 30 ta ba ka 0.5, tana kan digiri, komai lafiya. In ta ba ka −0.988, tana kan radiyan, kuma duk abin da ka lissafa da ita a haka ya lalace. Mayar da ita kan digiri tukuna.

Mataki na shida: tarawa, inda amfanin rubutun yake bayyana

Ƙa'idar gajeriya ce: î da î, ĵ da ĵ, k̂ da k̂. (2î + 7ĵ) + (6î − 3ĵ) = 8î + 4ĵ. Debewa ma haka, sai dai alamar debewa tana shiga kowane kaso na bekta na biyu, ba na farko kaɗai ba. In kuma za ka ninka bekta da lamba, kowane kaso za ka ninka: 3 sau (2î + 7ĵ) shi ne 6î + 21ĵ.

Bari mu ga wannan a aikace. Akwati mai mas 5 kg yana kan daɓe. Ana jan sa da igiyar nan tamu, 40 N a kan 30°. Gogayyar daɓe tana riƙe shi da 14.6 N. Ana neman akselareshan ɗinsa. Jera duk ƙarfin da ke kansa, kowanne a layinsa:

Jan igiya: 34.6î + 20ĵ
Gogayya: −14.6î
Nauyi: mas sau akselareshan na jan ƙasa, 5 × 9.8 = 49, yana duban ƙasa, wato −49ĵ
Tokarar daɓe: nĵ, ba mu san girman n ba tukuna

Yanzu tara su. Na î: 34.6 − 14.6 = 20. Na ĵ: 20 − 49 + n. Dokar Newton ta biyu ta ce jimillar ƙarfi daidai take da mas sau akselareshan. Akwatin yana tafiya ne a kan daɓe, bai tashi sama ba, bai nutse ba, don haka akselareshan ɗinsa aî ne kawai, babu kason ĵ. Ga ikweshan ɗin:

20î + (n − 29)ĵ = 5aî + 0ĵ

Duba abin da ya faru a nan da kyau. Bekta biyu ba sa zama daidai sai kowane kaso nasu ya zo daidai da takwaransa. Don haka ikweshan ɗaya ya haifi biyu. Na î ya ce 20 = 5a, wato a = 4, akselareshan (4î) m/s² ke nan. Na ĵ ya ce n − 29 = 0, wato n = 29 N. Lura cewa daɓe yana tokare akwatin da 29 N ne, ba 49 ba, saboda igiyar ta ɗauke masa 20 daga cikin nauyin. Wanda ya yi gaggawar cewa tokarar daɓe kullum daidai take da nauyi zai faɗi wannan tambaya, amma wanda ya jera komai a ƙarƙashin ĵ, lissafin da kansa zai nuna masa.

In ba da wannan hanya ba, tara ƙarfi huɗu sai an zana kibiyoyi ɗaya bayan ɗaya ana aunawa, ko a yi ta fama da alwatika bayan alwatika. Da ita kuwa ko ƙarfi goma ne, tarawa ce ta firamare a layuka biyu.

Tunda kai ne ka zana layukan, kana da damar karkata su in hakan zai sauƙaƙa maka. In akwatin yana kan gangare mai kusurwa θ, sa x ya bi gangaren zuwa ƙasa, y kuma ya tsaya a kan fuskar gangaren. Nauyi sai ya zama mg sin θ î − mg cos θ ĵ, inda m mas ne, g kuma 9.8 ɗin nan, tafiyar kuma duk ta koma kan î shi kaɗai.

Mataki na bakwai: ƙera yunit bekta naka

î, ĵ da k̂ ba su kaɗai ne masu hula ba. Kowace alkibla tana da nata. Ɗauki bekta, ka raba shi da girmansa, abin da ya rage shi ne alkiblarsa zalla. Na F ɗinmu: F̂ = (5î + 12ĵ)/13 = 0.385î + 0.923ĵ. Niyuton na sama ya tafi da niyuton na ƙasa, shi ya sa ba ma'auni. Don tabbatarwa, ninka kowane kaso da kansa ka tara: 0.148 + 0.852 = 1. In bai ba ka ɗaya ba, akwai kuskure.

Amfanin wannan yana fitowa fili ne a fuskoki uku, inda kusurwa take da wuyar gani a zane. A ce wata waya ta tashi daga wuri P mai lambobi (1, 2, 0) zuwa wuri Q mai (3, 5, 6), duk a mita, kuma tana jan P da ƙarfin 140 N. Yaya za a rubuta wannan ƙarfi? Da farko nemo bektan da ya tashi daga P zuwa Q, ta hanyar debe mafari daga maƙura: (3 − 1)î + (5 − 2)ĵ + (6 − 0)k̂ = 2î + 3ĵ + 6k̂. In ka juya debewar, kibiyar za ta koma baya, don haka kullum maƙura ce a gaba. Girmansa √(4 + 9 + 36) = 7. Yunit bektan ya zama (2î + 3ĵ + 6k̂)/7. Sai ka ninka shi da 140, ka sami (40î + 60ĵ + 120k̂) N. Ba mu auna kusurwa ko ɗaya ba. Wannan salo, girma sau yunit bekta, zai yi ta dawo maka har ƙarshen karatunka.

Mataki na takwas: idan lokaci ya shigo

An buga ƙwallo da belositi (15î + 20ĵ) m/s, mun kawar da kai daga iska. Jan ƙasa ne kaɗai ke aiki a kanta, akselareshan −9.8ĵ m/s². Tunda babu î a cikinsa, ba abin da zai taɓa 15 ɗin nan har ƙwallon ta faɗo. Bayan daƙiƙa t, belositi shi ne 15î + (20 − 9.8t)ĵ. A daƙiƙa 1, 15î + 10.2ĵ, tana hawa. A daƙiƙa 3, 15î − 9.4ĵ, alamar debewa ta gaya maka ta fara saukowa. Ƙololuwar hawanta ita ce lokacin da kason ĵ ya zama sifiri, t = 20/9.8 = 2.04. A wannan lokaci ba tsayawa ta yi ba, kamar yadda wasu ke rubutawa. Belositinta 15î ne, tana ci gaba da tafiya gaba. Wurin da take kuwa 15tî + (20t − 4.9t²)ĵ ne, wanda ya nuna za ta kai tsayin mita 20.4, ta faɗo a daƙiƙa 4.08, nisan mita 61.2. Galileo ne ya bayyana tun 1638 cewa tafiyar kwance da faɗowar abu ba sa shiga sha'anin juna. Rubutun î da ĵ ya sa wannan magana ta zama abin da ido ke gani a kan takarda.

Mataki na tara: ninka bekta da bekta

Iri biyu ne, kuma kowanne yana da 'yar ƙa'idarsa a kan haruffan nan uku.

Na farko ninkin ɗigo ne, A · B, amsarsa sikela. Yana auna yadda bekta biyu suka bi hanya ɗaya. Harafi da kansa yana ba da ɗaya, î · î = 1, harafi da waninsa kuma sifiri, î · ĵ = 0, tunda cos 90° sifiri ne. Saboda haka aikin ya taƙaita: ninka kason x da kason x, na y da na y, na z da na z, ka tara. A nan, kamar wajen fitar da girma, an yarda lambobin fuskoki daban-daban su haɗu, kuma dalili shi ne amsar ba ta da alkibla. Koma ga akwatinmu: igiya ta ja shi mita 3, wato 3î. Aikin da igiyar ta yi shi ne (34.6î + 20ĵ) · 3î = 103.8 + 0, kusan jul 104. Kason sama, 20ĵ, bai yi aikin komai ba, domin akwatin bai matsa sama ba. Ninkin ɗigo kuma gwaji ne mai kyau: in ya fito sifiri, kamar (3î + 4ĵ) · (4î − 3ĵ) = 12 − 12 = 0, to bektan biyu sun haɗu a digiri 90.

Na biyu ninkin gicciye ne, A × B, amsarsa bekta, wanda ya tsaya a digiri 90 da duka biyun. Zana da'ira, ka rubuta î, ĵ, k̂ a kewayenta a jere. In ka bi jerin, amsa ita ce harafi na gaba: î × ĵ = k̂, ĵ × k̂ = î, k̂ × î = ĵ. In ka yi baya, sai alamar debewa ta shigo: ĵ × î = −k̂. Harafi da kansa sifiri ne, î × î = 0, akasin ninkin ɗigo ke nan. Saboda wannan juyewar alama, kada ka sauya wa bektan biyu wuri yayin ninkawa.

Misali, sifana mai tsawon mita 0.3 ta kama noti, tana kwance a kan x, wato r = 0.3î. Ka tura ƙarshenta da (10î + 50ĵ) N. Ƙarfin murɗawa shi ne r × F = 3(î × î) + 15(î × ĵ) = 15k̂ N·m. Turawar 10 da ta bi tsawon sifanar ta tafi a banza, 50 ɗin da ta gitta ta ce ta murɗa notin. Shi kuma k̂ ba yana nufin notin zai fito daga takarda ba. Yana nuna layin da ake juyawa a kansa ne, kuma kasancewarsa ba alamar debewa yana nufin juyin ya saɓa wa na hannun agogo.

Waɗannan ƙa'idoji suna aiki ne kawai in layukanka sun bi hannun dama. Miƙe yatsun hannunka na dama ta wajen x, ka lanƙwasa su zuwa y, babban yatsa zai nuna z. In ka zana z a kishiyar haka, duk amsar ninkin gicciye za ta fito a juye. Kuma ka lura da kyau, mai rubutu da dama yakan manta, sai ya yi gwajin da hagu saboda fensir na hannunsa. Ajiye fensirin.

Haruffan nan uku gado ne daga William Rowan Hamilton, masanin lissafi ɗan ƙasar Ayalan. Ranar 16 ga Oktoba, 1843, yana tafe a Dablin, dabarar wani sabon tsarin lambobi ta faɗo masa, har ya kanƙara i² = j² = k² = ijk = −1 a jikin dutsen wata gada. Tsarin nasa ya yi wa masu fiziks nauyi, sai a shekarun 1880 Josiah Willard Gibbs a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila, kowa a nasa ɓangaren, suka raba ninkin Hamilton gida biyu, ɗigo da gicciye, suka bar haruffan yadda suke. Wannan ya sa dole ka kula da hula. i marar hula na iya zama √−1 ko wutar da ke bin waya, k marar hula kuma na iya zama taurin sifirin ko lambar Coulomb. Ka riƙa sa hular a kowane layi na lissafinka, ko da kana sauri.

Mai hular da ba ya zama wuri ɗaya

Da ka shiga darasin lantarki ko na jan duniyoyi, za ka haɗu da r̂. Dokar Coulomb ta 1785 a rubutun bekta ita ce F = (kq₁q₂/r²) r̂, inda r̂ yake nuni daga cajin da ke yin ƙarfin zuwa wanda ake yi wa. q₁ da q₂ su ne cajin biyu, r nisan da ke tsakaninsu, k kuma lambar Coulomb. In cajin biyu iri ɗaya ne, q₁q₂ ba shi da alamar debewa, ƙarfin ya bi r̂, suna ture juna. In sun bambanta, alamar debewa ta fito, ƙarfin ya koma kishiyar r̂, suna jan juna. Dokar Newton ta jan da ke tsakanin abubuwa masu mas kuwa da alamar debewarta take zuwa, −(Gm₁m₂/r²) r̂, domin kullum ja ne.

Bambancin r̂ da î shi ne î yana nan daram duk inda ka je a takardar, r̂ kuwa yana juyawa da zarar abin ya canja wuri. Dutsen da ake wulwulawa a bakin igiya, in yana dama da cibiya r̂ ɗinsa î ne, in ya kai sama ya zama ĵ, in ya zagayo hagu ya zama −î. Tsawonsa ɗaya ne a ko'ina, alkiblar ce ke sauyawa.

Wannan yana da tasiri a lissafi. In caji biyu suna aiki a kan na uku, kowannensu yana da nasa r̂, kuma ba za ka tara lambobin da ke gabansu ba don kawai harafin ya yi kama. Sai ka bi mataki na bakwai ga kowane caji: debe mafari daga maƙura, raba da nisan, ka sami r̂ ɗinsa a rubuce da î da ĵ. Misali, in cajin farko yana (0, 0), na biyu yana (6, 0), wanda ake yi wa ƙarfin kuma yana (3, 4), r̂ na farko shi ne 0.6î + 0.8ĵ, na biyu kuma −0.6î + 0.8ĵ. In kowannensu yana ture shi da 10 N, ƙarfin farko 6î + 8ĵ ne, na biyu −6î + 8ĵ. Kason î ya kashe juna, jimilla ta zama (16ĵ) N, ba 20 ba.